Daga Jakin Goro zuwa Keken Dutse

Unguwarmu Agla ba ta da dutse. Ko tsakuwar da za ka jefi akuya sai ka sha nema, don ƙasarmu yashi ce da fadama, in damina ta kankama kuwa sai ka naɗe wando har gwiwa kafin ka isa masallaci. Tudun da ya fi kowane tsawo a kusa da mu shi ne gadar sama ta Houéyiho, ita ma ɗan Adam ne ya zuba ta da siminti. Amma a wannan gari na Kwatano, da yake shimfiɗe kamar faifai tsakanin teku da tafkin Nokoué, na kusa shekara talatin ina ciyar da iyalina da keken da aka ƙera don hawan duwatsu. Ina sayarwa, ina gyarawa, sau ɗaya kuma na bi wasu Turawa da shi har duwatsun Atakora. A wannan tafiya na ga wani abu da idona, sai na tuna ashe Kaka ya riga ya faɗa mini shi tun ina ɗan ƙanƙane, illa dai shi da jakuna ya ba da labarin.

Kaka a Jugu ya tashi, garin da Faransawa ke rubutawa Djougou. Mahaifinsa falke ne na hanyar Gwanja. Ayarinsu kan taso daga Kano ko Sakkwato bayan an kawar da amfanin gona, su haye Kwara, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki, su sauka Jugu, daga nan su miƙa sai Salaga. Jakuna da takarkarai na ɗauke da kanwa da rinannun tufafi da jemammiyar fata, a dawowa kuma huhunan goro, wanda sai an riƙa kwancewa a hanya ana yayyafa masa ruwa, ana tsince wanda ya soma ruɓewa kada ya kashe 'yan'uwansa. Jagaba a gaba, madugu ne mai faɗa a ji, uban dawaki yana tattaro na baya. Zuwa da dawowa watanni ne, wani lokaci shekara ta zagayo mutum bai ga ƙofar gidansa ba.

Ni abin da nake so in ji shi ne labarin 'yan fashin Bargu da kibansu masu dafi. Kaka kuwa kullum sai ya karkata zuwa lissafi. Ya kan ce, “Kai yaro, ka san mutum nawa ke cin abinci in ayari ya sauka?” Sai ya shiga lanƙwasa yatsu. Mai yankan ciyawa, mai itace, mai rijiya, matar da ta dama fura da wadda ta tuƙa tuwo, wanzami, maƙeri, baduku mai ɗinke mangala da akumari. Fatoma ya ba da masauki ya ajiye kaya, dillali ya karɓi la'ada, sarkin gari ya karɓi garama, masu jirgi a bakin kogi su karɓi kuɗin fito. Yatsunsa su ƙare bai gama ba. Dalili kuwa, jaki mai kaya ba ya wuce zango guda a yini. Kalmar ma da kanta haka take: tafiyar yini ɗaya zango ce, wurin da aka yada kaya da yamma shi ma zango ne. Duk inda ƙafar jaki ta gaji, nan kasuwa ta tashi. Ƙauyen da ba shi da goro ba shi da kanwa, albarkacin yana bakin hanya sai ka ga yana da maƙera da mahauta da masallacin Juma'a.

Wannan duniya ta watse a gaban idon Kaka. A 1892 yaƙin sarauta ya tarwatsa Salaga, 'yan kasuwarta suka bazu. Turawa suka yanka ƙasa gida-gida, Ingilishi da Faransa da Jamus, kowa ya kafa kwastan a kan hanyar da dā babu shamaki sai na sarakuna. A 1911 layin dogo ya isa Kano, goro ya koma bin teku zuwa Ikko, daga can jirgin ƙasa ya kwashe shi cikin 'yan kwanaki. Daga baya mota ta zo ta ƙarasa. Kaka ya kan kwashe da dariya mai ɗaci ya ce, “Mota ba ta shan fura.” Tana wuce zango goma kafin azahar, abin da take bar musu ƙura ce.

Gidanmu ya bi dogo ya gangaro. Layin Kwatano ya kai Paraku a 1936, Baba yana saurayi ya biyo shi kudu, ya sauka a Zongo kusa da babban masallaci kamar kowane Bahaushe da ya shigo garin. Agla daga baya muka dawo, lokacin fili na da araha saboda ruwan da ke kwanciya. Sana'ar Baba faci ce da hayar keke. Yana da baƙaƙen Raleigh, waɗanda muke kira Rali, masu akwatin sarƙa da ƙararrawa mai zaƙin murya, irin waɗanda har masana'antarsu aka kafa a Bompai ta Kano. A lokacin, saurayin da ya je zance a kan Rali ya gama magana. Daga baya Phoenix na ƙasar Sin ya shigo da rahusa. A hannun Baba na koyi ɗaure wayoyin ƙafa har ƙafar ta miƙe ba ta rawa, da zuba boris, da gano hudar da ido ba ya gani ta hanyar tsoma roba a kwanon ruwa.

Yara na yanzu suna ganin 'yan zemijan da rigunansu ruwan ɗorawa sun cika Kwatano, suna tsammani da babur aka fara. Da keke aka fara. A Porto-Novo, masu keke ne ke ɗaukar mata masu tallar kafa, wadda nan ake kira akasa, su da kwandunansu zuwa kasuwa, ana ce musu taksi-kanna. Har yau in Bafone zai kira ɗan zemijan cewa yake kekeno, wato mai keke. Da babura suka samu, ga man sumoga na Najeriya da ake kira kpayo yana arha a kwalabe bakin titi, ga kuma ƙarshen shekarun 1980 da gwamnatin Kérékou ta kasa biyan albashi har masu takardar digiri suka hau babur neman na cefane, sai keke ya faɗi warwas. Ya zama abin hawan wanda bai da yadda zai yi. Baba ya rasu yana ganin sana'arsa ta mutu tare da shi.

Kwantena ce ta tashe ta. Bayan babban taron ƙasa na 1990 kasuwa ta buɗe, a Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi, sabon kaya ya fi ƙarfin talaka, kowa ya koma gwanjo. Tashar jiragen ruwan Kwatano ta cika da tsofaffin motoci da firji da tufafi da kekunan da Turai ta gaji da su. Ina tuna ranar da na fara ganinsa cikin tarin da na saya a dunƙule. Taya mai kauri mai haƙora kamar ta tarakta, kai a miƙe sambal babu lanƙwasa, babu kariya, babu madogari, ga giya har goma sha takwas. Na ce wa abokin aikina wannan ko dai na yaran masu kuɗi ne ko na mahaukata, don keken da ba za ka ɗaura masa buhun masara ba mene ne amfaninsa? Na hau shi don in gwada kafin in karya masa kuɗi. Layinmu a lokacin yashi ne da ke haɗiye tayar Rali har sai ka sauka ka tura. Wannan kuwa ya ratsa kamar ba komai. Ranar na fasa karya kuɗin.

Muka sa masa suna mai giya. Masu Faransanci na ce masa VTT. 'Yan makaranta suka fara saya, sai masu gadi, sai masu kai burodi. Manyan masu sayen kuwa daga Arewa suke zuwa, Alhazan Maraɗi da Damagaram da Katsina da Kano, su loda tirela ta bi ta Malanbil ta haye gada zuwa Gaya. Duk wanda ya taɓa jin an ce kaya ɗan Kwatano ne a kasuwar Kano, to ta hannun irinmu ya bi. Shekara ashirin ina wannan ciniki ban taɓa tambayar wane dutse aka ƙera keken don ya hau ba.

A hunturun 2018 wani kamfanin shirya tafiye-tafiye, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya zo neman mai gyara da zai bi baƙinsa Arewa kwana tara. Turawa takwas ne, yawancinsu sun ba hamsin baya, har da mata biyu. Muka ɗaure kekuna a saman mota muka yi tafiyar fiye da kilomita 500. Da muka ratsa Jugu na roƙi direba ya tsaya in ga garin Kaka. Ya ce lokaci ya ƙure. Ta taga na ga Jugu, cikin minti goma mun fita, ko ruwan leda ba mu saya ba. Ban ce komai ba, amma na ji muryar tsohon a kunnena.

Daga Natitingu aka sauke kekuna, a nan kuma tafiya ta canza kama. Muka bar kwalta muka shiga turbar ƙafa, tsakanin itatuwan kuka da kaɗanya da ɗorawa, hazo ya lulluɓe kan duwatsu, muka nufi Koussoukoingou da Boukoumbé a ƙasar Otammari. Duwatsun Atakora ba su da tsawon a zo a gani, mafi tsayinsu a ɓangaren Benin bai kai mita 700 ba, amma ga ɗan Agla da bai saba da hawa ba, kafin la'asar cinyoyina sun zama na aro. A kujerar mota mutum ba ya jin yunwa. A kan sirdi kuwa, bayan awa biyu na hawa, Baturen da a Kwatano yake ƙyamar abincin bakin titi sai ga shi ya tsuguna gaban mai ƙosai yana nuni da yatsa. Ba ya iya ɗaukar guzurin kwana tara a bayansa. Ruwansa ya ƙare ya saya, ya ga lemo ya saya, ya ga gyaɗa ya saya. Da rana sakwara da miya da wagashin Fulani, da dare acca. Waɗanda ke sha suka zauna a rumfar matar da ke sayar da burkutu, ni na koma gefe da shayina. Taya ta fashe a inda na yi nisa a baya, wani mai faci na ƙauye ya samu aikin da bai yi mafarki ba. Yaro ya nuna hanya an ba shi, tsohuwa ta bari an ɗauki hoton rumbunta an ba ta, mai babur ya ɗauko wanda ya gaji an biya shi.

Kwana kuma a saman tata muke yi, gidajen nan na ƙasa masu hawa biyu da suka yi kama da ƙaramar ganuwa, dabbobi a ƙasa, rumbuna da ɗakunan kwana a sama. A Koussoukoingou mutanen gari sun haɗa kai da ƙungiyar Eco-Bénin, suna da 'yan jagoransu, suna karɓar baƙi gida-gida. Mai gidan da ya sauke mu ya shimfiɗa tabarma, matarsa ta ɗora tukunya, ɗansa ya ɗebo ruwan wanka. Ina kwance ina kallon taurari na shiga lanƙwasa yatsu kamar Kaka. Ga fatoma, ga mai tuwo, ga mai rijiya, ga jagaba, ni kuma ga ni a matsayin baduku mai gyaran akumari. Kilomita arba'in ko hamsin muke yi a yini, wato zango guda na mai keke, duk inda muka gaji kuma nan kuɗi ke zuba.

A saman tatar nan ne wani dattijo cikinsu, wanda ya yi yawo da keke a ƙasashe da yawa, ya ba ni tarihin abin da nake sayarwa, daga baya ɗana ya binciko mini sauran a waya. Wasu samari ne a gundumar Marin ta Kalifoniya, a shekarun 1970, suka riƙa tattaro tsofaffin kekuna masu kaurin taya suna gangarowa da su daga duwatsu don wasa. A 1976 suka fara tsere a wata gangara da suka kira Repack. Ɗaya daga cikinsu, Joe Breeze, ya ƙera na musamman a 1977, a 1981 kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper kasuwa da yawa, a 1996 kuma wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. Ashe lokacin da nake ce masa keken mahaukata, ban yi nisa da gaskiya ba.

Abin da ya fi kama ni shi ne labarin Moab, wani ƙaramin gari a jihar Utah ta Amurka. A 1952 wani mai suna Charlie Steen ya gano yuraniyam a wurin, gari ya cika ya batse kamar yadda Arlit ta Nijar ta yi. A shekarun 1980 farashi ya faɗi, masana'antar ta tsaya, mutane suka kama gabansu. Abin da ya rage musu jajayen duwatsu ne da tsofaffin hanyoyin masu haƙar ma'adini, da wata turba a kan falalen dutse mai suna Slickrock da masu babur suka shata a 1969. Masu keke suka gano ta. Yau garin da shagunan keke da masaukai da gidajen abinci yake rayuwa. Haka Derby a tsibirin Tasmaniya, tsohon garin kuza irin Bukuru, wanda ya kusa zama kufai kafin a buɗe masa turbobin keke a 2015. A nahiyarmu, Afirka ta Kudu na da tseren Cape Epic tun 2004, Ruwanda kuma ta buɗe turbar Congo Nile a 2011, kilomita 227 a gefen tafkin Kivu, ana bin ta a ƙafa ko a keke ana kwana ƙauye-ƙauye. Jarin ba shi da nauyi in aka kwatanta da titi ko filin jirgi. Turba ce, da alamar hanya, da wurin kwana mai tsabta, da mutumin da ya san ƙasa. Dattijon bai ɓoye mini ɗaya gefen ba: a Moab da Derby kuɗin gida ya yi tashin da mai wanke kwanuka a otal ba ya iya kama haya a garin da aka haife shi.

Ni ma na ga nawa gefen. A rana ta bakwai wata daga cikin matan ta faɗa mini abin da kowannensu ya biya kamfani tun daga Faransa. Na juya shi zuwa sefa a raina, na tuna 'yan jikkunan da na ga an damƙa wa mai gidan da ya kwantar da mu ya ciyar da mu, sai kunya ta kama ni kamar ni na ci. Kuɗin jirgi ya tafi Turai, ribar kamfani ta tafi Turai, motar rakiya ta Kwatano ce, abin da ya sauka ƙasar Otammari ɗigon bakin tulu ne. Duk da haka ɗigon ya fi abin da motocin da ke wucewa kai tsaye zuwa gandun dajin Pendjari ke bari a lokacin, don su ko birki ba sa takawa. Bambancin zamanin Kaka da wannan shi ne, a dā fatoma da sarkin gari ne ke yanka farashi, falke ya biya ko ya kwana a daji. Yanzu a wani ofis da mai tata bai taɓa gani ba ake yanka masa kuɗin tabarmarsa. Ni kaina cikon kuɗin aikina sai da na yi wata huɗu ina sintiri kafin ya fito, shi ma an gutsure. Wani abin da ya dame ni kuma, yaran da ke bin mu a guje suna miƙa hannu. Baƙin na raba musu alawa da biro suna jin sun yi alheri, ni kuwa ina ganin ana koya wa 'ya'yan manoma bara.

Duk da haka na dawo da zafina. Na zaɓi kekuna huɗu mafiya kyau na ware su don haya, na sayi kayan gyaran birkin da ke aiki da mai, na fara tunanin buɗe rumfa a Natitingu. Wani Buzu abokina, maƙerin azurfa da ke yawo da kayansa a bakin otal-otal na Kwatano, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Malam, baƙo raɓa ne. Mu mun sha wannan ruwan kafin ku.”

Labarin garinsu Agadas na san shi sama-sama, amma daga bakinsa na ji nauyinsa. Tun shekarun 1970 wani Buzu mai suna Mano Dayak da irinsa suka fara kai Turawa duwatsun Abzin da hamadar Tenere. Tseren motocin Paris-Dakar da aka fara a ƙarshen 1978 ya riƙa bi ta garin, duniya ta san hasumiyar masallacinsa. Can ba keke ba ne, raƙumi ne da mota mai shiga yashi, amma tsarin ɗaya ne, har ma masu raƙumi sun fi mu tafiyar hawainiya: a hau Bagzan a ƙafa, a sauka lambunan Timiya, a kwana Iferwan. Mai raƙumi, mai dafa abinci, direba, maƙeri, baduku, kowa na samu daga hunturu zuwa hunturu. Tawayen 1990 ya tsayar da komai. Aka yi sulhu a 1995, a Disambar shekarar Mano Dayak ya rasu a haɗarin jirgin sama, baƙi suka dawo sannu a hankali har jirage na tasowa daga Faransa kai tsaye. A Fabrairun 2007 aka kai hari Iferwan, sabon tawaye ya tashi. A 2008 aka soke tseren Dakar, daga baya aka kwashe shi zuwa Kudancin Amurka. A Satumban 2010 aka sace mutum bakwai a Arlit. Da UNESCO ta sa tsohon birnin Agadas cikin kayan tarihin duniya a 2013, babu baƙin da za su zo kallo. Direbobin da suka san hamada kamar tafin hannunsu suka koma jigilar masu zuwa Libiya, wasu suka tafi haƙar zinariya a Jado, maƙera irin abokina suka gangaro bakin teku suna bin Turawan da suka daina zuwa wurinsu.

Na ce masa ai Benin ba Nijar ba ce, mu nan lafiya lau muke. Ban cika shekara da rabi da faɗar haka ba. Ranar 1 ga Mayun 2019 aka sace Faransawa biyu a gandun Pendjari, aka kashe ɗan jagoransu, Fiacre Gbédji, mutumin Natitingu. Bayan kwana tara sojojin Faransa suka kuɓutar da su a Burkina Faso, biyu daga cikin sojojin suka mutu. Gidajen rediyon duniya sun yi ta maganar Faransawan, mu kuwa a nan ɗan jagoran ne ya tsaya mana a rai, don irin aikin da nake shirin shiga ke nan. Ofisoshin jakadanci suka shafa wa bakin iyakar Arewa jan launi a taswirarsu, kuma da zarar an shafa wannan launi, kamfanin inshora ya janye, kamfanin tafiya ya soke. Mai keke shi ya fi kowa saurin janyewa, don ba shi da gilashi ba shi da gudu, a fili yake kamar jakin falke. A Agustan shekarar Najeriya ta rufe iyakarta, 2020 korona ta rufe sauran duniya. Hare-hare suka ci gaba a wajen gandun W da Pendjari, har a Afrilun 2025 gwamnati da bakinta ta ce an kashe mata soja 54 a rana guda. A 2023 UNESCO ta faɗaɗa yankin Koutammakou na Togo ya haɗa da tatocin ɓangaren Benin. Da na ji a rediyo sai na tuna Agadas da 2013.

Mutanen dā da suka ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, fatake ne, sun san abin da suke faɗa. In hanyar Bargu ta ɓaci, madugu ya kan sauya wata, zangon da aka kauce wa kuma ya shiga uku ko da ba shi ya yi fashin ba. Mai tatar da ya sauke mu bai taɓa riƙe bindiga ba, tsakaninsa da inda aka yi ta'asar ma akwai tafiya, amma shi ya biya.

Yanzu gwamnati ta juya fuskarta bakin teku. Ana ta gine-gine a Ouidah, an gyara hanyar masunta da ta bi gaɓa daga Fidjrossè, an dawo da kayan sarautar Abomey guda 26 daga Faransa a Nuwamban 2021, ana bikin Vodun kowace Janairu, ana kai baƙi Ganvié a jirgin ruwa. Ban raina ba, gari ya yi kyau, mu ma Agla an shimfiɗa mana wasu layuka da dā sai mai giya ke ratsa su. Sai dai yawancin waɗannan baƙi daga otal sai bas mai sanyi, daga bas sai gidan tarihi, kuɗinsu a hannu biyar ko shida yake tsayawa. A ganina an bar wata dukiya a kwance a tsakiyar ƙasa. Dassa-Zoumé, da ake wa kirari da garin duwatsu 41, kilomita 200 ne kacal daga nan, ga Savalou ga Savè kusa da ita, duk turbobin manoma ne tsakanin falalen duwatsu da gonakin doya da kashu, kuma nesa da inda ake harbi.

Ba kuma dole sai Bature ba, nan ne na yi kuskure a 2018. Duk safiyar Lahadi in ka fita hanyar masunta za ka ga 'yan ƙasa, ma'aikatan banki da likitoci da 'yan kasuwa, da hular kwano da kekunan da suka fi babur tsada, suna ta kai da kawowa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa don ba wanda ya nuna musu tudu. Wasunsu ni ke yi musu gyara. Ikko na nan kusa da masu irin wannan sha'awa. Waɗannan ba sa duba taswirar ofishin jakadanci kafin su fita, ba sa biyan kamfani a Faransa, in sun ji daɗin wuri kuma za su koma wata mai zuwa. Abin da babu shi ne mai sanin turba, da mai gyaran da zai bi su, da gidan da za a ce musu ga tabarma ga ruwan wanka ga farashi. Wannan kuwa aikin gidanmu ne tun Jugu. Samarin zango da ke zaune a bakin shagona suna jiran wanda zai kai su Libiya ko Turai, ga sana'ar kakanninku nan ta dawo da wata riga. Ku koyi birkin zamani da canjin giya, ku koyi hanya da ƙafarku, ku yi ciniki da mai masauki baki da baki, kada ku bari wani ya yanka muku farashi daga nesa.

Kekunan haya huɗun nan, tun da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023 kpayo ya yi tsada, na sayar da biyu ga masu kai burodi, ɗaya ga wani malamin allo da ya gaji da kuɗin zemijan. Ɗaya ya rage, na sake masa sarƙa da taya. Bayan Babbar Sallah ni da ɗana za mu ɗora shi a mota tare da nasa zuwa Dassa, mu yi kwana uku muna bin turba muna rubuta inda akwai rijiya da inda za a iya kwana. Wanda ke son zuwa ya zo da kekensa da kayan facinsa, kuma kada ya ɗauko guzuri daga Kwatano, a hanya za mu saya.